Kuɗin Haya A Gidan Da Ba Naka Ba: Shekara 18 Na Shari'ar SCO Da Linux

A watan Mayun 2003 wata wasiƙa ta shiga ofisoshin manyan kamfanoni kimanin 1,500. Ta fito ne daga wani ƙaramin kamfanin manhaja mai suna SCO Group da ke garin Lindon a jihar Utah ta Amurka, da sa hannun shugabansa, Darl McBride. Saƙon gajere ne: manhajar Linux da kuke aiki da ita tana ɗauke da kayanmu da aka kwasa ba da izini ba, kuma alhakin ba zai tsaya a kan waɗanda suka rubuta ta ba, yana iya hawa kan duk wanda ya ɗora ta a kwamfutarsa. Wasiƙar ba ta nuna fayil ko ɗaya ba, ba ta ce ga layin da aka sata ba. Da watan Agusta ya kama sai kamfanin ya yanka farashi. Duk mai son a shafa masa lafiya ya biya dala 699 a kan kowace saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, mai furosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) ɗaya, in kuma ya yi nawa, kuɗin zai koma dala 1,399.

Kuɗin nan ana neman sa ne a kan abin da dubban mutane suka haɗu suka rubuta, suka sake shi kyauta ga duk mai so. Duk sanda na koma na bi labarin daga tushe, abu ɗaya ke tsaya mini a rai: kamfani ya yi shekaru yana razana mutane, yana karɓar kuɗi, da sunan dukiyar da a ƙarshe kotu ta ce ba ta taɓa shiga hannunsa ba.

Kwamfuta ba ta motsi sai da babbar manhajar da ke raba aiki tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajoji. Windows ɗaya ce, Unix wata ce, Linux ma wata. Ita kuma manhaja asalinta rubutu ne, layi bayan layi, da injiniyoyi ke tsarawa kafin a juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa. Wannan rubutun tushe shi ne dukiyar, kuma yawancin kamfanoni ɓoye nasu suke yi kamar yadda mai magani ke ɓoye laƙaninsa. Dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutun kansa, wato yadda aka jera kalmomin, amma ba ta hana wani ya zauna ya rubuta nasa da zai yi aiki iri ɗaya.

An haifi Unix a 1969 a ɗakin bincike na Bell Labs mallakar kamfanin waya na AT&T, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. AT&T ya riƙa ba jami'o'i da kamfanoni lasisin ganin rubutun tushenta, kowa ya gina tasa a kai. Kamfanin kwamfuta na IBM ya gina AIX, na Sun ya gina Solaris. Ita Linux kuwa ɗalibi ne ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a Helsinki a 1991. Ya yi ta ne ta kwaikwayi halayen Unix ba tare da ya ɗauki rubutunta ba, ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne: ɗauki, gyara, raba, ka sayar ma in ka so, amma wanda ka ba wa dole ka ba shi rubutun tushen da irin 'yancin da aka ba ka. Kafin shekara goma Linux ta fara cinye kasuwar Unix, musamman a kan kwamfutoci masu arha da ke aiki da furosesar Intel. A ƙarshen 2000 IBM ya bayyana cewa zai zuba dala biliyan 1 a kanta.

Tushen rigimar yana cikin takardar ciniki guda ɗaya, don haka a nan ya kamata a tsaya. A 1993 kamfanin Novell ya sayi sashen Unix daga AT&T. A Satumbar 1995 Novell ya sayar da harkar ga wani kamfani na Kalifoniya mai suna Santa Cruz Operation. Matsalar ita ce mai sayen ba shi da kuɗin da zai biya gaba ɗaya. Sai aka ƙulla cinikin ta wata hanya: Santa Cruz zai ɗauki harkar, ya ci gaba da gina manhajar UnixWare yana sayarwa, amma kuɗin da tsofaffin masu lasisin Unix ke biya na Novell ne, Santa Cruz zai tattara ya miƙa kashi 95 cikin ɗari, ya riƙe kashi 5 ladan aikinsa. Novell ya kuma riƙe ikon ba da umarni a yafe wa kowane mai tsohon lasisi duk wani abin da ake bin sa. A jerin kayan da aka ce ba sa cikin cinikin kuwa, an rubuta ɓaro-ɓaro: duk haƙƙin mallaka. Bayan shekara ɗaya aka yi wa wannan layi kwaskwarima, aka ce ban da haƙƙin da mai sayen ke buƙata don ya ci moriyar abin da ya saya. Wane haƙƙi ke nan? Takardar ba ta faɗa ba. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar fili ya san irin wannan jimla, wadda ranar da ake rubuta ta kowa ya gamsu, sai bayan masu cinikin sun watse ta zama abin da 'yan baya za su yi shekaru suna ja a kai.

Shi kuma SCO da ya shigar da ƙarar ba Santa Cruz ba ne. Asalinsa Caldera ne, kamfanin da aka kafa a Utah a 1994 don sayar da Linux, wanda injiniyoyinsa suka ba da tasu gudummawar a cikinta. A 2001 Caldera ya sayi harkar Unix daga Santa Cruz, a 2002 McBride ya karɓi shugabanci, aka sauya suna zuwa SCO Group. Ciniki yana ja da baya, Linux ɗin da yake sayarwa ba ta kawo riba, Unix ɗin da ya saya tana rasa masu saye saboda Linux. McBride ya duba abin da ya rage a rumbu, ya ga tsofaffin takardun lasisi na zamanin AT&T, ya yanke shawarar cewa a cikinsu arzikin yake.

Ranar 6 ga Maris 2003 SCO ya maka IBM a kotu yana neman diyyar dala biliyan 1, daga baya ta koma 3, sannan 5. Lauyan da ya ɗauka shi ne David Boies, wanda ya tsaya wa gwamnatin Amurka a shari'arta da Microsoft, ya kuma tsaya wa Al Gore a rigimar zaɓen 2000. Sunansa kaɗai ya isa ya sa 'yan kasuwar hannun jari su miƙe zaune.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a lokacin. Maganar da SCO ke yi a gaban 'yan jarida daban take da wadda yake yi a gaban alƙali. A waje cewa yake an kwashe miliyoyin layuka daga Unix an zuba a Linux. A cikin kotu kuwa ƙashin bayan ƙarar saɓa yarjejeniya ne. Hujjarsa ita ce tunda IBM ya gina AIX a kan Unix, haka ma Dynix ta kamfanin Sequent da IBM ya saya a 1999, to duk abin da injiniyoyin IBM suka rubuta da hannunsu suka taɓa sa shi cikin waɗannan manhajoji ya shiga ƙarƙashin sharaɗin sirri, ba su da ikon ba da shi ga Linux. Kamar a ce ka karɓi hayar shago, ka ƙera benci da katakonka ka ajiye a ciki, ranar da ka ɗauki bencin za ka ba maƙwabci sai mai shago ya tare ƙofa ya ce ai tunda ya kwana a shagonsa ba ya fita sai da yardarsa. IBM ya fito da wata takarda ta 1985 inda AT&T da kansa ya rubuta masa cewa gyare-gyaren da ya yi nasa ne, abin da ya rage na AT&T shi ne ainihin rubutun Unix da ke ciki. Novell kuma ya yi amfani da ikon nan da ya riƙe tun 1995, ya ce ya yafe wa IBM.

To ina miliyoyin layukan? Da farko SCO ya ce ba zai nuna wa kowa ba sai wanda ya sa hannu a takardar rufe baki, sharaɗin da mai rubuta Linux ba zai iya karɓa ba, domin zai ɗaure masa hannu a aikinsa. Masu Linux kuwa abu ɗaya suke ta maimaitawa: ku nuna mana, in akwai mu cire yau. A watan Agustan 2003, a taron kamfanin na shekara a Las Vegas, aka haska misalai a allo. An juya wani ɓangaren rubutun zuwa haruffan Girkanci don kada a gane. Wani daga cikin mahalarta ya ɗauki hoto, hoton ya bazu a intanet, kuma ba a jima ba aka mayar da haruffan yadda suke aka bi asalinsu. Misali na farko wani ɗan guntun rubutu ne na rabon ma'adanar kwamfuta daga Unix ta shekarun 1970, irin wadda Caldera da kansa ya sake wa duniya kyauta a Janairun 2002. Kamfanin SGI ne ya shigar da shi Linux, kuma an riga an cire shi kafin taron. Na biyu kuwa manhajar tace saƙonni ce da aka ƙirƙira a Berkeley ta jihar Kalifoniya, wadda ba ta taɓa zama ta AT&T ba balle ta SCO. Kamfanin da ya ce yana da miliyoyin layuka, waɗannan ne ya zaɓa ya fara nunawa.

Daga baya, a 2005, wata wasiƙar cikin gida ta fito a takardun shari'ar. Wani injiniyan kamfanin ne ya rubuta ta a Agustan 2002, aka tura wa McBride, tana bayanin cewa an taɓa ɗaukar masani ya kwatanta Linux da Unix, kuma a ƙarshen binciken ba a sami shaidar satar rubutu ba. Ga kuma wani tarkon da SCO ya ɗana wa kansa: ya yi shekaru yana raba Linux ƙarƙashin GPL, har bayan shigar da ƙara ana iya sauke ta daga rumbunsa na intanet. Wanda ya raba abu bisa sharaɗin kowa ya ɗauka kyauta, da wane baki zai dawo ya ce a biya shi dala 699? Amsar McBride ita ce buɗaɗɗiyar wasiƙa a Disambar 2003, inda ya ce lasisin GPL ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka. Babu kotun da ta karɓi wannan magana.

Duk da haka kuɗi na shigowa, kuma a nan ne a ganina ainihin labarin yake. Hannun jarin SCO da bai kai dala 2 ba a farkon 2003 ya haura dala 20 kafin shekarar ta ƙare. Microsoft da Sun, waɗanda Linux ke ci wa kasuwa, sun sayi lasisi daga SCO a wannan shekara, jimillar kuɗin ta haura dala miliyan 25. A Oktoba kamfanin zuba jari na BayStar Capital da bankin Royal Bank of Canada suka zuba dala miliyan 50, daga baya BayStar ya amsa cewa mutanen Microsoft ne suka haɗa shi da SCO. Ruwa ba ya tsami banza. Ga mai gasa da Linux, ba dole ne SCO ya ci shari'a ba. Ya isa a ce manajan banki ko na asibiti da ke shirin komawa Linux ya ji lauyansa ya ce a dakata tukuna. Kowane wata na wannan dakatawa ciniki ne ga wani.

Don tsoron ya kama jiki, sai an ga an taɓa masu amfani da manhajar da kansu. A Maris 2004 SCO ya kai ƙarar AutoZone, mai sayar da kayan gyaran mota, da DaimlerChrysler mai ƙera motoci. Abin lura shi ne dukansu biyun suna da tsohuwar alaƙa da Unix ɗin da SCO ya gada. AutoZone ya bar manhajar SCO ne ya koma Linux. Shi kuwa DaimlerChrysler laifinsa bai wuce rashin amsa wata wasiƙa cikin kwana 30 ba, a kan lasisin manhajar da ya yi shekaru da daina amfani da ita. Wata alƙaliya a Michigan ta yi watsi da kusan dukkan ƙarar a watan Yuli na shekarar. Saƙon da kasuwa ta ɗauka ya sha bamban da wanda aka so ta ɗauka: wanda ya taɓa ciniki da SCO shi ke cikin haɗari, wanda bai taɓa ba ya tsira. Ba na jin akwai abin da ya kashe kamfanin kamar wannan. Kamfanoni kaɗan ne suka sayi lasisin dala 699, kuma shugaban EV1Servers, kamfanin ba da hayar saba da ya fi fice a cikinsu, ya fito fili ya ce ya yi nadama.

A kotun tarayya da ke Salt Lake City, inda ake shari'ar SCO da IBM, haƙurin alƙalai ya fara ƙarewa. A Fabrairun 2005 Alƙali Dale Kimball ya rubuta cewa abin mamaki ne, bayan duk kurarin da SCO ya yi a bainar jama'a, a ce bai kawo wata ƙwaƙƙwarar shaida ba. Da wa'adin ƙarshe ya cika, SCO ya miƙa jerin zarge-zarge 294. A Yunin 2006 Alƙaliya Brooke Wells ta soke kusan kashi biyu bisa ukunsu saboda ba su faɗi fayil da layi ba. Misalin da ta bayar ya zauna daram. Ta ce wanda aka tare a ƙofar babban kanti aka ce ya yi sata yana da haƙƙin a gaya masa abin da ya sata. Ba hankali ba ne a ce masa ai ka san abin da ka ɗauka, ko a miƙa masa kundin duk kayan kantin a ce yana ciki, ka nemo da kanka. A 2007 lauyan IBM ya shaida wa kotu cewa, a lissafinsu, miliyoyin layukan sun tsaya a 326.

Amma abin da ya rushe ginin ya zo ne ta wata ƙofar. Tun 28 ga Mayun 2003 Novell ya fito ya ce haƙƙin mallakar Unix nasa ne, har ya ƙara da cewa SCO ya sha roƙonsa ya miƙa masa shi, ya ƙi. A Janairun 2004 SCO ya kai Novell ƙara bisa ɓata masa mallaka, allura kuwa ta tono garma. Adalci ne a faɗi cewa a wannan gaɓar SCO yana da abin riƙewa. Wasu manyan da suka yi cinikin 1995, har da Robert Frankenberg wanda ke shugabantar Novell a lokacin, sun ba da shaida cewa niyyarsu a sayar da komai ce. Sai dai lauyoyin da suka tsara takardar sun ce da gangan aka riƙe haƙƙin, don Novell ya kare kuɗinsa idan Santa Cruz ya karye, kuma bayanan zaman hukumar gudanarwar Novell na wancan wata sun goyi bayansu. Dokar Amurka kuma ba ta yarda haƙƙin mallaka ya sauya hannu da niyya ko da baki ba, sai da rubutu.

Ranar 10 ga Agustan 2007 Kimball ya yanke cewa haƙƙin na Novell ne. Ranar 14 ga Satumba, ana saura kwana uku a zauna lissafin kuɗin da Novell ke bin sa, SCO ya nemi kariyar kotun karyewar arziki. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kwaskwarimar 1996 tana da harshen damo, don haka a bar wa masu taimaka wa alƙali su saurari shaidu. Aka yi mako uku ana saurare, ranar 30 ga Maris 2010 suka ce haƙƙin bai taɓa barin hannun Novell ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2011. Kafin nan wakilin da kotu ta naɗa ya riƙe kamfanin ya sallami McBride a Oktoban 2009. Shi kuma Novell, wanda ya tabbata mai Unix, ya riga ya faɗa tun 2007 cewa bai yarda akwai Unix a cikin Linux ba, kuma ba shi da niyyar ƙarar kowa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsawon lokacin. Tambayar farko da kowane mai unguwa zai yi wa mai da'awar gida, wato ina takardarka, ta ɗauki shekara bakwai kafin a amsa ta. IBM yana da kuɗin biyan lauyoyi har abada. Da a ce wani ƙaramin kamfani aka fara kamawa, ko ɗaya daga cikin matasan da ke rubuta Linux a ɗakunansu, da ya biya ya huta, biyan nasa kuma ya zama hujja a kan na gaba. Abin da ya rage wa zargin kaifi tun kafin kotu ta yi magana shi ne Linux a buɗe take. Kowa yana iya karanta layukanta, ya kuma bi tarihinsu ya gano asalinsu. Wata ma'aikaciyar ofishin lauyoyi, Pamela Jones, ta buɗe shafin Groklaw a Mayun 2003, tana sa takardun kotu tana bayaninsu da harshen da injiniya zai gane, tsofaffin ma'aikatan Unix kuma suna tono abin da suka ajiye tun shekarun 1980. Duk maganar da SCO ya faɗa da safe, kafin dare an auna ta da takarda.

Su ma masu Linux sun ɗauki darasi a aikace. A Mayun 2004 Torvalds ya kawo sabon tsari, ya kuma ambaci SCO a cikin dalilansa. Daga lokacin duk wanda ya turo gyara sai ya rufe shi da layi ɗaya mai ɗauke da sunansa da adireshin imel ɗinsa, yana shaida cewa shi ya rubuta ko yana da ikon bayarwa. Wanda ya karɓa ya duba ya tura gaba shi ma ya ƙara nasa layin a ƙasa, haka har ya isa hannun Torvalds, kamar yadda malamai ke bin salsalar ruwaya mutum bayan mutum. Wayar Android da ke hannun mai karatu a kan zuciyar Linux take tafiya, kuma gyare-gyaren da ke shiga wannan zuciya har yau da wannan layin suke zuwa.

Ƙorafi ɗaya ne na SCO ya rayu, kuma shi ne wanda tun farko ya fi kama da gaskiya. A 1998 IBM da Santa Cruz sun haɗa gwiwa a wani shiri mai suna Project Monterey don gina Unix ta sabuwar furosesar Intel, IBM ya janye a 2001 bayan ya juya ga Linux, aka zarge shi da ɗaukar abin da abokin tafiyarsa ya kawo ya sa a AIX. Wannan magana ce tsakanin kamfanoni biyu, ba ruwanta da mai amfani da Linux. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a saurare ta. A 2021 IBM ya biya dala miliyan 14.25 aka rufe, kuɗin ya tafi hannun wakilin kotu da ke riƙe da abin da ya rage na kamfanin. Ita harkar Unix ɗin tun 2011 aka sayar da ita a kan dala 600,000 ga kamfanin da yanzu ake kira Xinuos, wanda a Maris 2021 ya shigar da tasa sabuwar ƙarar a kan IBM da Red Hat, kamfanin da ke sayar da Linux.